Shokazobar Hagu da Rakiyar Gwaggo

Mota ɗaya gare mu a gida, kuma aiki biyu take yi. Daga Litinin zuwa Asabar motar iyali ce: ta kai Abba jami'ar da yake koyarwa, ta kai ƙannena makaranta, ta kai Umma asibiti gashin baya, ta ɗauko buhun shinkafa. Wata Lahadin kuma, idan an buɗe filin tsere da ke can wajen gari ta hanyar filin jirgin sama, sai ta zama motar tsere, ni kuma in zama direbanta. Ƙaramar mota ce fara, ƙirar nan Malesiya, ta girme ni nesa ba kusa ba. Idan ka gan ta a wurin ajiye motoci na kondonmu, wato dogon benen da muke zaune a unguwar Bukit Jalil, ba za ka ce tana iya tsere wa mai keke ba. Ni ma wani lokacin ina shakka.

Tseren da nake yi ba na zagaye ba ne. Dirag ake ce masa. Motoci biyu su jera, fitila ta ba da kore, kowa ya take a miƙe har mita ɗari huɗu. Ba kwana, ba dabara. Kafin mai shayin mamak, wato shagon cin abinci na bakin titi a garin nan, ya gama juye shayi daga wannan kofi zuwa wancan, an san wanda ya ci.

Tun ranar da na karɓi lasin na sa Abba a gaba da magiya. Na roƙe shi a falo, na roƙe shi a lif, na roƙe shi a hanyar masallaci, har ya fara tafiya sallar asuba a ɓoye. Da ya gaji sai ya yarda, amma da sharuɗɗa. A fili kawai, ban da titi. Da hular kwano. Kada sakamakon jarrabawa ya yi ƙasa. Sai na ƙarshe, wanda ya faɗa yana nuna ni da makullin motar.

"Ranar da mahaifiyarka ta ce bayanta ya yi ciwo saboda wani abu da ka taɓa a motar nan, ranar ka gama tsere. Ba roƙo, ba aiko wani ya roƙa maka."

Ciwon bayan Umma ba na wasa ba ne. Tun haihuwar autanmu take fama da shi. Akwai ranakun da a zaune take salla, akwai ranakun da ko tukunya ba ta iya saukewa. Don haka ban yi gardama ba. Na ce na ji, na yarda.

Wannan sharaɗin ne ya zaɓa mana shokazoba. Ga wanda bai taɓa leƙa ƙarƙashin mota ba, shokazoba wani bututun ƙarfe ne mai mai a ciki, ɗaya a kusa da kowace taya. Sifirin ne ke ɗaukar nauyin mota, ita kuma shokazoba aikinta ta hana sifirin rawa. In babu ita, ka hau tudun rage gudu ɗaya a Bukit Jalil, sai ka isa Titiwangsa motar tana ta gyaɗa wa mutane kai.

Da farko abin da nake so daban ne. Na cika cikina da bidiyon tseren Amurka, inda mota ke ɗaga hanci sama idan ta tashi, kamar akuya ta hango ganye a reshe. Na ɗauki wayata na tafi garejin wani dattijo ɗan ƙasa da ke gyara wa yawancin 'yan tsere motoci. Pakcik muke ce masa, wato kamar a ce Baffa. Na nuna masa.

"Irin wannan nake so, Pakcik. Ta gaba mai saurin miƙewa, mai jinkirin komawa. Hancin ya tashi kowa ya gani."

Ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya miƙo mini wayar.

"Motarka da waɗanne tayoyi take ja?"

"Da na gaba."

"To idan hancin ya tashi, wa zai ja? Kai za ka sauko ka tura?"

Yaran garejin suka fashe da dariya. Shi ko murmushi bai yi ba. Ya ce waɗancan motocin da tayoyin baya suke turawa, shi ya sa suke son nauyi ya gudu baya lokacin tashi, ya danne tayoyin a ƙasa. Tawa akasin haka ce. Duk nauyin da ya gudu baya, daga kan tayoyin da ke aiki aka sace shi, sai su yi ta juyawa a banza suna hayaƙi. Abin da nake bukata shi ne baya mai tauri wanda ba ya durƙusawa, da gaba wanda ba ya barin hanci ya zabura.

Na ce to a sa mini mai tauri a baya, irin wadda ko giwa ta zauna a kai ba za ta motsa ba.

"Boleh," in ji shi, ma'ana zai yiwu. "Amma ranar Litinin wa ke hawa motar?"

Na ba shi labarin bayan Umma da sharaɗin Abba. Ya ce to zaɓi ɗaya ne ya rage, mu sa irin wadda ake murɗawa. Kowace tana da ɗan murfi a kanta kamar na kwalbar turare. Ka murɗa dama ta ƙara tauri, ka murɗa hagu ta yi laushi, kuma kowace murɗawa za ka ji ƙis. Murafen na gaba suna ƙarƙashin bonet. Na baya kuwa suna cikin but, can cikin kusurwa biyu, ƙarƙashin shimfiɗa. Ku riƙe wannan maganar ta but, don a nan asirina ya tonu.

Pakcik ya koya mini kula da su. In riƙa goge sandar ƙarfen da ke shiga tana fita. In na ga danshin mai a jikin bututun, kada in jira, in kawo masa. In riƙa duba robar da ke rufe sandar, don ruwan saman garin nan ba ya sallama, kuma idan ta yage yashi zai shiga ya ci abin da ke tare man. Kada in murɗa murfin har ya ƙure in ci gaba da matsa masa, allurar ciki ba ta son dole. Kuma hagu da dama su zama ɗaya, ƙis nawa ka yi a nan, ka yi shi a can. Na riƙe waɗannan fiye da yadda na riƙe darasin kimiyya. Umma ta taɓa leƙowa ta same ni kwance a ƙarƙashin mota da tsumma, ta ce da ɗakina yana samun rabin wannan gatan da an zo daga wasu ƙasashe kallonsa.

Tsarin ya tafi daidai. Ranar Asabar da yamma in ƙirga ƙis-ƙis ɗina in ƙara tauri, ranar Lahadi da na dawo in mayar da laushi. Umma kullum gaba take zama, ni kuma idan tana ciki nakan hau tudu kamar mai ɗauke da tiren ƙwai. Ba ta taɓa cewa komai ba.

Sai wata matsala ta ɓullo. Da fitila ta ba da kore na saki kuloci, sai motar ta karkata dama. Dole in sassauta totur in gyara sitiyari, kafin in gama abokin karawata ya riga ya kai gida ya yi wanka. Na duba iskar taya. Na musanya tayoyin gaba. Na kai an yi saiti. Pakcik ya tambaye ni ko na baya suna daidai, na ce wallahi daidai suke, da kunnena nake ƙirgawa. Babu ɗigon mai, babu yagaggiyar roba. A gefen dama na filin ne masu sayar da abinci ke kafa rumfuna, don haka abokaina suka yanke hukunci cewa motata yunwa take ji. Ina shiga layi sai su fara ihu, "Makan! Makan!" wato a je a ci abinci. Har wani ya taɓa ajiye mini ƙunshin shinkafa a kan bonet, ya ce in ba ta ta ƙoshi kafin a fara.

Ana cikin haka Gwaggo ta zo daga Kano. Yayar Abba ce, ita ta goya shi, kuma har yau idan ta yi magana gyara zama yake yi. Ta zo duba idonta, ta yi mana 'yan makonni. Duk Bahaushen da ke garin nan ya san abin da ke faruwa idan aka ji wani zai koma gida. Saƙo. Matan unguwarmu suka yi wa Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu sayar da yadi, dirar mikiya, suka kwashe hijabai da yadi da mayafai har na tabbata masu shagunan sun rufe da wuri sun tafi hutu. Wannan na ƙanwar wance ne mai aure, wannan na surukar wance ne, wannan garin kofi ne na wani malami da ba ya shan kowane iri sai na Malesiya. Kowa ya kawo sai ya ce, "Ɗan abu ne, ba nauyi." Falonmu ya koma kamar Kantin Kwari.

Ranar tafiyarta ta faɗo Lahadi, ranar tsere. Ban damu ba, don an shirya komai. Abba yana taro a Penang, sun yi sallama tun kafin ya tafi, sai da yamma zai dawo. An yi odar babbar motar haya ta waya za ta kai Gwaggo filin jirgi da safe, Umma da ƙawarta Maman 'Yan Biyu, maƙwabciyarmu, za su yi rakiya. Ni tserena sai bayan azahar. Don haka ranar Asabar na ƙara wa shokazoba tauri kamar kullum, na kwashe komai daga but, na kwanta da murna.

Da safe Umma ta aike ni mamak in yi tapau, wato in ƙunso mana karin kumallo. Ina can ina jiran a soya mana roti, gurasarsu, ashe tarihi yana faruwa. Mai babbar motar ya zo, ya ga kayan, ya ce tak boleh lah, ba zai iya ba, ya ja motarsa. Lokaci yana tafiya. Matan nan uku suka ɗauki makullina daga ƙusa, suka sa maigadi ya taya su, suka loda but.

Wanda bai ga matan Hausawa suna loda but ba bai ga aikin injiniya ba. Da na dawo na tarar da Maman 'Yan Biyu zaune a kan murfin but ɗin, Gwaggo tana dannawa da gwiwa, har ya ce ƙaras. Iska ma ba ta sami wurin zama a ciki ba. Ragowar jakunkuna biyu suna jira a ɗora su a cinya.

"Yauwa, ga direba," in ji Gwaggo. "An ce hanyar taka ce. Mu je."

Na kalli but ɗin. Murafen baya suna ƙarƙashin kayan rabin mutanen Kano.

"Gwaggo, akwai ɗan abin da zan taɓa a cikin but ɗin. Yanzu-yanzu zan gama."

"Duk wanda ya buɗe but ɗin nan shi zai goya ni har Kano. Shiga mu tafi."

Na kalli Umma. Tana gyara mayafi, tana duba ko fasfo yana jaka. Ni ne ɗan fari, ba ta kiran sunana, sai dai ta ce "kai". Ta ce, "Kai, me kake jira?" Na buɗe bonet da sauri na sassauta na gaba, na baya kuwa na bar wa Allah.

Sai kuma ga wata. Gwaggo babba ce kuma baƙuwa, don haka gaba nata ne, babu ma wanda ya tsaya tattaunawa. Umma, wadda rabonta da kujerar baya tun kafin in fara tsere, ta shiga baya ta hagu. Maman 'Yan Biyu ta zauna a dama, daidai bayana. A Malesiya direba a dama yake.

Tudun farko yana ƙofar kondo. Na hau shi a hankali har wata tsohuwa mai sanda ta wuce mu. Duk da haka sai da bayan motar ya ce gum.

"Wayyo ƙuguna!" in ji Maman 'Yan Biyu. "Kai ɗan nan, mota ce wannan ko benci?"

Na runtse ido ɗaya ina jiran muryar Umma.

"Wane benci?" in ji Umma. "Ni nan kamar a kwalekwale nake. Lilo kawai take yi da ni."

"Lilo? Hajiya, ki ji tsoron Allah. Haƙorana sun haɗu."

"To ni zuciyata ce ke tashi. Ta yi ƙasa, ta yi sama, ta sake yin ƙasa."

Ban gane ba, amma ban tsaya bincike ba. Umma ba ta ce bayanta ba, wannan kawai na ji. Na yi hamdala a zuci na hau babban titi.

Babban titin sumul yake, sai dai kowace gada tana da wurin haɗi, kuma gadojin garin nan sun fi gashin kaina yawa. Kowane haɗi muka taka, Maman 'Yan Biyu ta yi salati, Umma ta ce ita ba ta ji komai ba sai lilo.

"Ke dai kare ɗanki kike yi."

"Ni ban kare kowa ba. Raki ne ya yi miki yawa."

"Raki? Ni da na haifi biyu rana ɗaya?"

"To ai shi ne, tun ranar ba ki daina ba mu labari ba."

"Kujera ɗaya muke kai, Hajiya. Ko dai ke an yi miki taki da katifa?"

Gwaggo tana gaba tana jan carbi, tana ƙirga jakunkuna a ka, wannan gardama tana ɓata mata lissafi. Da muka hango gidan mai sai ta ce in shiga za ta sayi ruwa.

"Ku kuma ku sauya wuri mu huta. Amarya, koma dama. Ke kuma dawo hagu. Kowa ya ɗanɗana na ɗan'uwansa." Shekara ashirin ke nan da auren Umma, amma a bakin Gwaggo har yau Amarya ce.

Na ce, "Gwaggo, lokaci fa."

"Kai za ka tuƙa jirgin?"

Suka sauya. A bakin fita daga gidan man akwai tudu, irin mai kaifin nan. Na lallaɓa na hau.

"A'a!" in ji Maman 'Yan Biyu daga hagu. "Lallai kuwa lilo. Hajiya, ki yafe ni, ashe gaskiyarki ce. Kai, nan ai barci zan yi."

Na ɗaga ido na kalli madubi. Umma ta cije leɓe, ta kai hannu ɗaya baya ta dafe ƙugu. Na san wannan fuskar. Ita ce fuskar ranakun salla a zaune. Muka taka haɗin gada na gaba, na ga ta rufe ido. Duk barkwancin da ke kaina ya gudu.

"Kai."

"Na'am, Umma."

"Me ka yi wa motar nan?"

Na gaya mata. Na ce saitin tsere ne a kai tun jiya, murafen suna ƙarƙashin kaya, na ƙara wa duka biyun tauri daidai wa daida.

"Ba daidai ba ne," in ji ta. "Ta nan ce kaɗai ta ji maganarka. Ta can ko a jikinta."

Abu biyu suka faɗo mini lokaci ɗaya, kuma ina jin kunyar cewa sai da suka yi kokawa. Na farko, na gama tsere. Na biyu, ashe shi ne! Idan hagu ta baya tana da laushi, ita kaɗai ke durƙusawa lokacin tashi. Idan ta durƙusa, tayar gaba ta dama, wadda ke kusurwar da ke kallonta, sai ta yi sako-sako ta rasa riƙo. Ta hagu ta ja ita kaɗai, mota ta nufi masu abinci. Abin da na yi wata da watanni ina nema, mata biyu sun gano shi tsakanin gida da gidan mai.

Na ce bari in tsaya a sauke kayan in sassauta. Umma ta ce jirgi ba ya jira. Maman 'Yan Biyu ta ce to su sake sauyawa, Umma ta ce a'a, ita ma Maman 'Yan Biyu bayanta ba na aro ba ne. Gwaggo ta ce ta dawo gaba, Umma ta ce Allah ya kiyaye ta zauna gaba Yaya tana baya. Sai aka zuge jakar da ke kan cinya, aka zaro hijaban wata baiwar Allah da ke jiran saƙonta a Kano, aka naɗe aka tokare mata baya. Na koma layin manyan motoci na riƙa tafiya kamar mai rakiyar amarya. Kafin mu isa Gwaggo ta juyo sau ɗaya ta kalle ni, kallon da har yanzu idan na tuna sai in gyara zama.

A filin jirgi aka yi abin da aka saba. Aka auna, aka rage, aka cusa wasu a jakar hannu, aka yi addu'a, aka ɗan yi hawaye. Gwaggo ta kama kunnena ta ce in ta ji labarin bayan Amarya ya tashi, za ta dawo musamman domina. Ta shige.

Muka koma wurin mota. But ya zama wayam. Na danna kusurwar dama ta baya da ƙarfina na saki, ta dawo ta tsaya cak. Na danna ta hagu, ta yi sama, ta yi ƙasa, ta sake gaishe ni. Na ɗaga shimfiɗa na ja murfin hagun a hankali, sai ga shi a hannuna. Akwai wani ɗan sukuru a gefensa, bai kai ƙwayar gero biyu ba, shi ke riƙe murfin da sandar ciki. Ya kwance. Murfin yana ta ƙis-ƙis ɗinsa shi kaɗai, sandar tana barcinta. Duk ƙirgar da nake yi da kunne, iska nake murɗawa. Na mayar, na ɗaure shi da ɗan makullinsa, na kai duka biyun ƙarshen laushi don su tashi daga wuri ɗaya, na daidaita. Na buɗe wa Umma gaba, na kwantar mata da kujera kaɗan.

Na ce, "Gida za mu."

"Ba tsere ka ce kana da shi ba?"

"Umma, bayanki."

"Ya riga ya ji abin da zai ji. Mu je in ga abin da aka jijjiga ni dominsa."

Haka na shiga filin tsere da mata biyu masu hijabi da lema. Abokaina da suka shirya ihun makan suka haɗiye shi, suka koma gaisuwa da rusunawa. Pakcik ya kawo musu kujeru a inuwa. Na nuna masa sukurun, na ba shi labari. Ya kalli murfin, ya kalli Umma, ya ce daga yau in daina yarda da kunne kawai, in riƙa danna kowace kusurwa da hannu bayan na murɗa, in kuma sa wannan ɗan sukurun cikin abubuwan dubawa.

Na ƙara tauri, na danna hagu, na danna dama, duka suka tsaya cak. Na sa hular kwano na shiga layi. Fitila ta ba da kore. Motar ta tafi a miƙe kamar an ja ta da zare. Ban taɓa sitiyari ba, ban ɗaga ƙafa ba. Na riga abokin karawata da ɗan hanci. A zagaye na biyu aka haɗa ni da wata mota ruwan ɗorawa wadda ta bar ni tun ina neman giya ta biyu, amma ko a nan a miƙe na sha kashi, da mutuncina.

Na dawo ina huci ina jiran yabo. Maman 'Yan Biyu muryarta ta dushe don addu'a. Umma ta ce, "Shi ke nan? An gama?"

"An gama, Umma."

"Ikon Allah. Ko zama ban gyara ba."

Na mayar da laushi kafin mu kama hanya. Na danna kusurwa huɗu a gabanta, ta ga na danna.

Abba ya dawo bayan magariba. Ya tarar da Umma tana salla a zaune. Ya jira ta shafa. Ina tsaye a bakin ƙofar kicin, makulli a aljihuna ya yi nauyin bulo.

"Yaya rakiya? Yaya bayan?"

Umma ba ta yi wa Abba ƙarya, kuma ban sa ran za ta fara ranar ba. Ta ba shi labari tiryan-tiryan, daga mai babbar mota har sukuru. Ta ce bayan ya yi ciwo, kuma saitin tsere ne ya jawo.

Abba ya miƙo hannu. Bai ɗaga murya ba. Na zaro makullin na ɗora masa a tafi. Na riga na fara tunanin wace sana'a ake yi da tsumma da ilimin shokazoba.

Sai Umma ta miƙa nata hannun ta ɗauke makullin daga tafin Abba.

"A kan bayana aka kafa sharaɗin nan, ko ba haka ba?"

"Haka ne."

"To ni zan riƙe. Na ga wurin, ba titi ba ne, kuma akwai manya. Zai je idan na ba shi. Idan ya dawo, kafin kowa ya hau, zai zagaya da ni kan tudun ƙofar nan, in zauna hagu, in zauna dama. Ranar da na ji bambanci, ko na ji tauri, makullin ya shiga akwatina sai ya yi aure."

Abba ya kalle ta. Ya kalle ni. Ya ce, "Tunda mai bayan ta faɗa." Ya tashi ya shiga ciki.

Ciwon ya ɗauke ta kwanaki kafin ya lafa, har sai da aka ƙara mata zuwa gashi. Ni na riƙa kai ta, ni na riƙa sauke tukunya, kuma babu abin dariya a wannan ɓangaren.

Yanzu makullin yana cikin ƙaramar jakarta, tare da carbi da man zafi. Duk Lahadin da na dawo daga fili, maigadin kondo yakan ɗaga mana hannu yana kallon ikon Allah: yaro yana zagaya tudu ɗaya da mahaifiyarsa a baya, ta fito ta wannan ƙofa ta shiga ta waccan. Wani lokacin ta ce, "Ya yi." Wani lokacin ta ce, "Dama ta fi tauri kaɗan," in buɗe but in tarar na tsallake ƙis ɗaya. Pakcik ya ce in tambaye ta ko za ta riƙa zuwa gareji ranar Asabar tana gwada masa motocin mutane. Na isar da saƙon. Ta ce ranar Asabar tana da direba kuma tana da Jalan Tuanku Abdul Rahman, don an ji wata za ta koma gida a ƙarshen wata.